Rijiya Dubu, Randa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa kwana a Lugbe cikin watan Fabrairu ko Maris ya san ƙarar da muke nufi. Ba ta jiragen saman da ke sauka a filin Nnamdi Azikiwe ba ce, domin wannan kunne ya riga ya saba da ita. Ƙarar motar haƙa rijiyar burtsatse muke nufi, wadda kan fara tun ba a daɗe da sallame sallar asuba ba, ta wuni tana gurnani tana tofar da farar ƙura kamar garin rogo, har ƙurar ta lulluɓe ganyen mangwaro da shanyar maƙwabta. Idan an taki sa'a, can wajen la'asar sai a ji yara sun ɗauki sowa, ruwa ya yi tsiri sama, maigida ya fito yana washe baki, jama'a na yi masa barka kamar wanda aka yi wa haihuwa. Mu ma mun sha miƙa hannu mu yi wannan barka. To yau mun zo ne mu janye ta.

Dalilinmu kuwa shi ne, ruwan nan da ya yi tsiri ba daga wata taska ta maigida ya fito ba. Takardar mallakar fili ta ba shi taku kaza a tsaye, taku kaza a kwance, amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san takarda ba, bai san katanga ba. Randa ɗaya ce ta unguwa baki ɗaya, kowa ya zo ya huda ta gefensa ya kafa baki yana tsotsa, sa'an nan ya juyo yana ce mana ya huta da gwamnati, ya tsaya da ƙafafunsa. Abin da muke so mu nuna wa mai karatu shi ne, wannan tsayuwa da ƙafa bisa wuyan wani ake yin ta, kuma ko mai yin ta ba zai daɗe a tsaye ba.

Bari mu soma da yadda aka yi muka iso nan. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta samar da sabon Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Wadatar ruwa tana cikin ma'aunan da kwamitin ya duba kafin ya zaɓi wannan yanki na Gbagyi da maƙwabtansu. A 1979 aka kammala babban tsarin birnin, aka yi masa lissafin mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da iyakar da ba ta wuce miliyan uku da 'yan kai ba. Aka gina madatsar ruwa ta Usuma can wajen Ushafa a yankin Bwari cikin shekarun 1980, gwamnati ta taso daga Ikko ranar 12 ga Disamba 1991. Daga baya da aka ga Usuma ba za ta iya ita kaɗai ba, sai aka janyo mata ruwa daga madatsar Gurara da ke Jihar Kaduna, ta cikin wani ƙaton bututu mai tsawon kilomita 75. Wato dai ba a taɓa nufin mazaunin Abuja ya sha ruwan rami ba. An nufe shi da famfo.

Amma famfo ya bi manya. Ya shiga Maitama da Asokoro da Garki da Wuse, ya bar masu yi wa waɗannan unguwanni hidima, wato malamin makaranta da akawu da direba da tela da ɗan sanda, su nemi inda za su sa haƙarƙarinsu. Tsadar haya ta koro wasu, rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 zamanin minista Nasiru el-Rufa'i ya koro wasu, duk suka kwararo bakin hanyar filin jirgin sama. Lugbe, wadda ƙauyen manoma ce da rukunin gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya a gefenta, ta kumbura ta haɗe da Tudun Wada da Pyakasa da Sabon Lugbe, gonakin doya da dawa suka zama rukunonin gidaje masu ƙyaure da maigadi da sunaye na ƙawa. Mai sayar da gida yakan rubuta a allon talla cewa akwai ruwa dare da rana. Abin da ba ya rubutawa shi ne daga ina. A watan Yuni 2025 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ƙaddamar da wani babban aikin faɗaɗa bututun ruwa na Abuja, wanda aka bayar da kwangilarsa tun 2017 a kan dala miliyan 470. Madalla da wannan. Sai dai mu ma'auninmu ɗaya ne, shi ne ranar da matar aure a Tudun Wada za ta murɗa kan famfo a tsakar gidanta ruwan gwamnati ya zubo. Kafin wannan rana, mafi yawan gidajen Lugbe da burtsatse da kurar ɗan garuwa suka dogara.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, domin jahilcin wannan shi ne tushen sakacin. Da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa akwai wani kogi ko teku shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, wanda duk inda aka huda za a same shi, kuma ba ya ƙarewa. Babu wannan teku a Lugbe. Birnin Abuja bisa falalen dutse yake zaune, irin dutsen da ya leƙo sama ya zama Aso, ya zama Zuma a bakin iyakar Jihar Neja. Dutsen nan ba ya shan ruwa. Ruwan da muke samu wuri biyu kawai yake maƙalewa: cikin jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, inda rijiyar gargajiya ke kaiwa, da kuma cikin tsagogin da ke jikin falalen can ƙasa, inda bakin ƙarfen injin ke nema. Shi ya sa za ka ga gida biyu katanga ɗaya ta raba su, wannan ya dace da tsaga ya sami ruwa, wancan ya kashe dukiyarsa ya tashi da busasshen rami. Kuma duk ɗigon da ke cikin tsagogin nan daga sama ya zo. Ruwan damina ne, wanda kan sauka tsakanin Afrilu da Oktoba, ya nutse a hankali ta cikin ƙasa. Abin da damina ta zuba, shi rani ke sha. Ba ƙari.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda ake tonon ruwa a yashin gulbi da rani. Ka tona raminka, ruwa ya tsattsafo daga gefe ya taru. Idan wani ya zo kusa da kai ya tona wanda ya fi naka zurfi, ya kama kwarfa ba ƙaƙƙautawa, kana kallo naka zai janye ya koma nasa. Abin da ke faruwa a Lugbe ke nan, sai dai ido ba ya gani. Wanda ya fara zama a unguwa ya gina rijiya da hannu, yana jan ruwansa da guga. Maƙwabci mai hali ya zo ya haƙa burtsatse ya sa injin, rijiyar ta fara ƙafewa tun watan Janairu. Mai rukunin gidaje ya zo ya haƙa wadda ta fi zurfi, ya kafa manyan tankuna bisa ƙarfe, burtsatsen mai halin ta fara tari tana fitar da iska. Mai sana'ar ruwan leda da mai wankin motoci suka zo suka fi kowa zurfi. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami, sai dai wannan karon na ƙasa shi ne mai danne na sama. Mai rijiyar farko, wanda ya riga kowa zuwa, shi ne yanzu yake tsaye a ƙofar gida yana jiran ɗan garuwa ya sayar masa da jarka. Ruwan wa ya saya? Nasa ne, wanda aka janye daga ƙarƙashin ɗakinsa, aka zagayo da shi ta titi aka sa masa farashi.

Kada wani ya ce muna zargin 'yan garuwa. 'Yan'uwanmu ne, akasarinsu daga ƙauyukan arewa da Jamhuriyar Nijar suka zo cin rani, suna tura kura mai jarkoki goma ko goma sha biyu a kan hanyar da ba kwalta, guminsu na zuba kamar ruwan da suke turawa. Su ne bututun da gwamnati ba ta shimfiɗa ba. Abin da ke shiga aljihunsu bai kai wahalarsu ba, kuma talakan da ke saye a hannunsu, idan aka auna lita da lita, ya fi mai gidan Maitama biyan kuɗin ruwa.

Ga kuma wani abin takaicin da ya fi wannan. Mun huda randa ta ƙasa, sa'an nan mun rufe bakinta ta sama. Kowane sabon gida a Lugbe sai an daɓe tsakar gidansa da siminti tun daga ƙofa har bayan ɗaki, ba a bar ko inda kaza za ta yi tono ba, wai don tsabta da gudun taɓo. An sare itatuwa, an cike fadamu, an matse ƙoramu da katanga har sun koma kwata. Ruwan da ya kamata ya zauna ya nutse, ba shi da wurin zama, sai ya tattaru ya kama gudu. Ina ya nufa? A watan Satumba 2021 ambaliya ta shiga rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, aka yi asarar rayuka. A watan Yuni 2023 ta sake dawowa ta shanye gidaje fiye da ɗari, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Aka yi ta muhawara a jaridu, wasu na cewa laifin maginin ne, wasu na cewa na wanda ya ba da izini ne, wasu na cewa magudanar ce ta yi kaɗan. Ba mu ji wanda ya haɗa ambaliyar Yuni da ƙafewar rijiyar Maris ba, alhali kuwa ruwa ɗaya ne. Wanda ya shiga ɗakin kwanan mutane da damina, shi ne wanda aka nema a rijiya da rani aka rasa. 'Yan Kano da ke cikinmu sun san wannan labari, domin haka aka cike kududdufan birni ɗaya bayan ɗaya aka yi gine-gine a kansu, ruwa ya koma yana kwana a kan titi.

Ba za mu tsawaita kan shadda ba, don kunya, amma dole a faɗa. A fili mai faɗin tabarma, ramin bayan gida yana nan, burtsatse tana nan, taku kaɗan ne tsakaninsu, kuma tsagar dutse ba ta tace komai. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Babban Birnin Tarayya ma bai tsira ba.

Masu iya magana suna cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. A da tuwon da mutum ya ci shi ne ruwan cikin, ƙarfin damtse kuma shi ne iyakar abin da zai ja. Yau ruwan cikin ya zama man fetur. Motar haƙa man dizal take sha. Injin da ke tura ruwa sama wutar lantarki yake so, wutar kuwa kowa ya san halinta, don haka sai janareta. Ashe kowace jarka da ke shiga gida a Lugbe akwai ɗan fetur narke a cikin farashinta. Mun gane haka ranar 29 ga Mayu 2023, da aka ce an janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 617 a Abuja cikin watan Yuli na wannan shekara, ta haura 1,000 a watan Oktoba 2024. Kuɗin jarka ya bi bayanta, uwargida ta fara lissafin wa zai yi wanka yau, wa zai bari sai gobe. Mutumin da ya ce ya tsaya da ƙafafunsa, sai ga shi ƙafa ɗaya tana bisa tsagar dutsen da ba shi da iko da ita, ɗayar tana gidan mai.

Shi kuwa man, ba shi da damina. Ruwan Lugbe ko ba komai yana da mai mayar da shi kowace shekara idan mun bar masa hanya, amma fetur sai da ya yi miliyoyin shekaru yana dahuwa a cikin ƙasa, kuma wanda aka ƙona ya tafi ke nan. Ba sai mun je wata ƙasa neman shaida ba. A 1956 aka haƙo mai a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, a 1958 aka fara fitar da shi waje, kafin ƙarshen shekarun 1970 an rufe rijiyoyin an kwashe kaya an ƙara gaba. Mutanen garin aka bar su da tsatsattsen kan rijiya da allon tarihi. Da kuɗin irin wannan mai aka gina Abuja, da shi aka shimfiɗa titin da ya ratsa Lugbe mai hannuwa da yawa. Kafin mai akwai kuzar Jos, wadda ta bar wa Filato tafkunan da ke cin yara da shanu. Sau nawa za a karanta mana darasi ɗaya?

Za a ce mana ai an sami mafita, ga faifan hasken rana, a ɗora bisa rufi injin ya yi ta aiki kyauta. Mun yarda rana ta fi janareta ta kowace fuska, ba hayaƙi, ba ƙara, ba layin gidan mai. To amma a lura da wani abu. Tsadar fetur, duk da zafinta, ita kaɗai ce linzamin da ya rage a bakin burtsatse. Mai janareta yana kallon tanki, da ya cika zai ruga ya kashe. Mai faifan rana kuwa ba abin da ke cizonsa, injin na ja tun hantsi har la'asar, tanki na ambaliya yana wanke katanga, ba mai waiwaya. Idan ba a haɗa hasken rana da hankali da doka ba, gaggauta ƙafewar randar kawai zai yi.

Mutanen Barno sun riga mu ganin irin wannan kyauta. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fara haƙa rijiyoyi masu zurfi a yankin Tafkin Cadi, aka dace da ruwan da ke fitowa da kansa ba tare da injin ba, saboda matsin da ke ƙarƙashin ƙasa. Murna ta cika gari, makiyaya suka samu, aka bar rijiyoyi da yawa a buɗe suna kwarara dare da rana, shekara da shekaru, suna yin fadama a inda ba mai sha. Masana daga baya suka auna suka ga ruwan nan tsohon ajiya ne na dubban shekaru, tun zamanin da yankin ya fi haka damshi. Matsin ya yi ta raguwa, rijiyoyin da ke feshi suka koma tsiyaya, wasu suka yi shiru. Haka Saudiyya ta yi da nata tsohon ruwan, ta noma alkama a hamada cikin shekarun 1980 har tana sayarwa waje, sai a 2008 ta ga ba riba ta fara janye hannu, ta rufe shirin a 2016. A Indunusiya kuwa, yawan zuƙar ruwan ƙasa ya sa sassan birnin Jakarta suna nutsewa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa a 2019 gwamnatinsu ta ba da sanarwar gina sabon babban birni a tsibirin Borniyo. Mu mun riga mun yi tamu ƙaurar daga Ikko. Ba mu san inda za a sake kai mu ba.

To rijiyoyin burtsatse nawa ne a Abuja? A watan Satumba 2018 ƙasa ta motsa a Mpape da kewayenta, mutane suka kwana a waje, ministan birnin na lokacin, Muhammad Musa Bello, ya dakatar da fasa duwatsu da haƙar burtsatse a wasu unguwanni. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa, ƙarƙashin shugaban hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, Farfesa Seidu Mohammed, ya ce akwai rijiyoyi 110,000 a Abuja, suna zuƙo tan 330,000 na ruwa kowace rana. Tan ɗaya lita dubu ce, wato jarka mai lita ashirin sau miliyan goma sha shida da rabi, kullum. Ba mu kafa hujjarmu bisa girgizar ƙasa ba, domin masana duwatsu sun saɓa kan ko burtsatse na da hannu a cikinta, kuma ba ma son tsoratar da jama'a da abin da bai tabbata ba. Alƙaluman ne suka ja hankalinmu. Mai karatu ya raba na biyu da na farko, zai ga kowace rijiya an ba ta tan uku cif, ba ragi ba ƙari. Da gani ka san ƙiyasi ne aka yi a kan tebur. Wato ko hukuma ba ta ƙirga ba. Kuma ina hedkwatar wannan hukuma ta sararin samaniya take? A nan Lugbe, bakin hanyar filin jirgi. Mun harba tauraron ɗan'adam tun 2003 don leƙen duniya daga sama, amma ba mu da littafin da aka rubuta ramukan da ke bayan katangar ofishin.

Mun san amsar da ke bakin kowane mai burtsatse, kuma amsa ce mai nauyi: in ban haƙa ba, me iyalina za su sha? Gaskiya ne. Ba mu ce kowa ya zauna da ƙishirwa yana jiran bututun da ba a san ranar zuwansa ba, kuma da yawa daga cikin masu wannan rubutu ruwan burtsatse suka yi alwala da shi yau da safe. Akwai kuma bayin Allah da ke fito da kan famfo ta jikin katanga don maƙwabta su ɗiba kyauta, Allah Ya saka musu. Laifin farko na hukumar da ta yanka filaye ta karɓi kuɗin takarda, ta amince da zanen gini, ba ta kai ruwa ba. Amma larura daban, alfahari daban. Abin da muke ƙi shi ne yadda muka mayar da larura ta zama ado, har ɗan siyasa ya haƙa rami ɗaya ya kafa allon da ya fi tankin girma, mu taru mu yi masa tafi, bayan shekara injin ya mutu allon ya rage. Duk burtsatsen da mai hali ya haƙa a gidansa, murya ɗaya ce ta fita daga cikin masu neman ruwan gwamnati. Waɗanda ake jin maganarsu sun sami nasu sun yi shiru, waɗanda suka rage a layi ba mai jin tasu.

Abin mamaki, ba mu rasa shari'a a kan wannan ba, mantawa muka yi. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayanin harimin rijiya, wato kewayenta da ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ruwanta ba, ko ta haƙa wata rijiyar da za ta janye shi, ko ta gina masai da zai ɓata shi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum kan hukuncin filaye da harimi da makiyaya, mai suna Ta'alimur Radi, domin alƙalan ƙasar nan su yi aiki da shi. Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita ta kowa da kowa. Ko labarin asalinmu da rikicin rijiya ya fara, da macijin Kusugu wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ba mu zo kare maciji ba, amma a tuna cewa bayan an sare kansa rijiyar ta zama ta gari ce, Bayajida bai kewaye ta da katanga ya sa kwaɗo ba. A ɓangaren boko kuma, dokar albarkatun ruwa ta 1993 tana nan, sabon ƙudurin da aka so a maye gurbinta da shi an yi ta kai ruwa rana a kansa a majalisa daga 2018 har 2023 bai wuce ba. Jama'a sun ji tsoron gwamnatin da ba ta ba su ruwa ba za ta zo karɓar haraji a kan wanda suka nema da kansu, kuma tsoronsu yana da dalili. Sai dai ƙirga rijiya daban, sa mata haraji daban, mun haɗa su mun yi watsi da duka biyun.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba roƙo muke yi ba. Hukumar ruwa ta birnin tarayya ta fito ta gaya wa mutanen Lugbe, unguwa unguwa, shekarar da bututu zai iso, a rubuce, don mu sami abin riƙe ta da shi. Kada a sake amincewa da rukunin gidaje sai mai shi ya nuna rijiya ɗaya ko biyu da za su wadaci kowa, maimakon hamsin a layi guda, ya kuma nuna filin da ya bari buɗe don ruwan sama ya nutse. Masu zuƙar ruwa don sayarwa a sa musu ma'auni. Duk motar haƙa ta bar takarda a ofishin ƙaramar hukuma mai nuna inda ta huda, da zurfin da ta kai, da inda ta sami ruwa, ba tare da an karɓi ko kwabo a hannun maigida ba. Mu kuma a gidajenmu, a fasa ɗaɓen nan ko da kashi ɗaya cikin uku, a dasa itace, a tara ruwan indararo kamar yadda iyayenmu mata ke jera tukwane da bahuna idan hadari ya haɗo.

Saura mu ɗalibai da malamanmu. Ba sai mun jira tauraro ba. A Tudun Wada da Pyakasa har yanzu akwai rijiyoyin hannu, akwai kuma tsofaffin Gbagyi da suka san watan da kowace ƙorama ke yankewa a da, da sunan kowace fadama kafin a binne ta. Waɗannan mutane ba za su dawwama ba, kuma ba wanda ya rubuta abin da suka sani. Ɗalibin Hausa da aka koya wa ɗaukar tatsuniya da tarihin baka daga bakin tsofaffi zai iya ɗaukar wannan. Kayan aikin igiya ce, da ɗan dutse a ɗaure a bakinta, da ma'aunin tela, da littafi mai layi. A zaɓi rijiya goma, a nemi izinin masu su, a riƙa zura igiyar ranar ɗaya ga kowane wata ana rubuta inda ta jiƙe. A fara daga watan Nuwamba, da ɗaukewar ruwa.